Yadda Zango Ta Riƙe Tarihin Daura

A shekarar 1805 Malam Isiyaku ya ci Daura da jihadi, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa. Bayan an sha yawo, danginsa suka kafa sarauta a Zango. Birni ya kuɓuce musu, amma ba su saki sunayen kakanninsu ba. Makaɗa da maroƙan fada suka riƙe su da ka, kowane sarki da kirarinsa. Da Turawa suka mai da Malam Musa gadon Daura daga Zango a 1906, da wannan asali ya koma.

Akwai kuma Girgam, wato littafin jerin sarakunan Daura tun daga zamanin sarauniyoyi. Palmer ya buga fassararsa da Turanci a 1928. Wani masani, M. G. Smith, ya zauna da dattawan ƙasar yana tambaya yana rubutawa, littafinsa ya fito a 1978. Takardun Razdan da na Di'o kuwa suna Kaduna, a gidan ajiye takardun tarihi. To, amma abin da Bature ya ji ya rubuta ne ke ciki. Kirarin da tsohon maroƙi ya mutu da shi bai koya wa ɗansa ba, ko an je Kaduna ba a samunsa.