Hannun ƙarfe da ke taɓa abin da ɗan Adam ba ya iya taɓawa

Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, a da ana kai shi Faransa. To, bayan ya gama aiki a tashar nukiliya, wa ke ɗaukar shi? Ba hannun mutum ba ne, domin tururin da yake fitarwa a lokacin kisa yake. Ba shi da wari, ba a ganin shi.

Masanan farko da hannu suke aiki. Marie Curie ta rasu a 1934 da ciwon jini da ake dangantawa da wannan tururi, har yau takardunta cikin akwatunan dalma suke a Paris.

Wajen 1949, wani injiniya Ba'amurke, Raymond Goertz, na cibiyar Argonne kusa da Chicago, ya ƙera hannu biyu haɗe da wayoyin ƙarfe. Ɗaya na wajen ma'aikaci, ɗaya na cikin ɗakin haɗari, tsakaninsu katanga mai kauri da tagar gilashi. In ka matse naka, wancan ya matse, har nauyin kayan kana ji a tafinka. A 1954 ya fito da mai aiki da lantarki. A Faransa kuma Jean Vertut ya ci gaba da gyara dabarar, kuma da irin hannuwan nan ake aiki a masana'antar La Hague.

Amma fa na'ura ma tana da iyaka. A Chernobyl, 1986, mutum-mutumin da aka ɗora bisa rufi tururi ya kashe masu ƙwaƙwalwa. Sai aka tura sojoji da shebur, kowa ya yi minti ɗaya zuwa uku ya gudo. A Fukushima ta Japan, bayan haɗarin 2011, sai Nuwamba 2024 wani dogon hannu mai kamara ya ciro gutsuren makamashin da ya narke: bai kai giram ɗaya ba, cikin kusan tan 880.

Yanzu ana maganar Nijar ta gina tashar nukiliya tata. Jama'a, ginin kaɗai bai isa ba. Bayan kowane hannun ƙarfe akwai mutum zaune da ya share shekaru yana koyo. Ƴaƴanmu ne za su zauna kujerar nan, ko baƙi za mu ɗauko? Tun yau ya kamata a fara horar da su. Allah ya kiyaye mu.