Madatsar da Ta Fashe da Madatsar da Ta Tsaya: Fim ɗin Earthquake a Ma'aunin Ƙasar Yauri

A watan Nuwamba na 1974 kamfanin Universal na Amurka ya saki fim ɗin Earthquake, wanda Mark Robson ya ba da umarni, Charlton Heston da Ava Gardner suka ja ragamarsa. Girgizar ƙasa ce ta rushe birnin Los Angeles, daga bisani madatsar ruwan Mulholland ta fashe, ruwa ya malale abin da ya saura. Shekara shida kafin nan, a 1968, an kammala madatsar Kainji a kan kogin Kwara. Ita ba ta fashe ba, amma ruwan da ta tare ya haɗiye gungaye da gonaki da ƙauyuka har cikin masarautar Yauri. Hujjar wannan maƙala ita ce siddabarun fim yana koya wa ido abin da zai kira bala'i, don haka mai son ba da labarin bakin tafkin Kainji ya kamata ya ari hanyar aikin Earthquake, ya bar masa ma'auninsa.

Hanyar aikin ta cancanci yabo, domin dukkanta da hannu aka yi ta, kwamfuta ba ta mamaye sana'ar ba tukuna. Albert Whitlock ya zana rusasshen birni a kan gilashi, aka haɗa zanen da hoton mutane na gaske har ido ya kasa gane mahaɗarsu. An gina ƙananan gidaje da ƙaramar madatsa, aka rusa su a gaban kyamara mai saurin ɗauka, domin idan aka haska hoton a hankali abin ya yi nauyi kamar babba. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne tsarin sauti mai suna Sensurround: manyan lasifikoki a cikin silima suna fitar da gurnani mai zurfi, wanda ƙirji da kujera suke ji fiye da kunne. A silimar Grauman's Chinese da ke Hollywood sai da aka ɗaura raga a ƙarƙashin rufi saboda ɓarɓashin da ke zubowa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta sauti, kuma Whitlock da Glen Robinson da Frank Brendel sun sami kyauta ta musamman a kan siddabarun hoto. Sirrin nasarar shi ne masu aikin sun gane cewa tsoro ta jiki yake shiga.

Sai dai kowace dabara tana da abin da take iya nunawa da wanda ya fi ƙarfinta. Gilashin Whitlock da gurnanin lasifika sun dace da masifar da ke aukuwa cikin 'yan mintuna, mai ƙara da ƙura, mai farko da ƙarshe. Da finafinai irin wannan suka yi yawa, sai wannan siffa ta zama mizani: abin da bai rushe a gaban ido ba, ba a lissafa shi. A ɗora wannan mizani a kan Kainji a ga yadda yake tauye gaskiya. An tashi mutane kusan 44,000. Tsohuwar Busa ta nutse, aka gina sabuwa. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a gungayen kogi, an mai da su tudu cikin gidajen siminti da aka zana musu. Kogin da manoma da masunta suka san lokutansa, farin ruwa na damina da baƙin ruwa mai isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi, ya koma tafki mai bin ƙa'idar injin lantarki. Babu bangon da ya faɗo wa kowa a rana guda. Ruwa ya riƙa hawa sannu a hankali har ya rufe kushewun kakanni. Itatuwan da tafkin ya shanye suna nan a ƙarƙashi, kuma matuƙa jirage suna lissafa kututturansu cikin haɗurran hanya. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufo Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya nutse, fiye da mutum 100 suka salwanta.

Mai ja da wannan magana zai ce fim nishaɗi ne, ba a ɗora masa nauyin tarihi. Amsar ita ce nishaɗi ma malami ne, kuma ya fi littafi yawan almajirai. Yaron da ke kallon rushewar biranen Amurka a wayarsa a Yelwa, bai taɓa ganin hoton gungun kakansa ba, ana nuna masa a fakaice wace asara ce ta isa a ba da labarinta. Wani zai ce Kainji alheri ce, ta ba Nijeriya lantarki, ta buɗe sana'ar kamun kifi a tafki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ma dalilin da ya sa tsarin Earthquake bai isa ba. A fim ɗin ƙasa ce ta motsa, babu wanda za a tuhuma, jarumi kawai ake jira. A Kainji mutane ne suka yanke shawara, wasu suka sami haske, wasu suka bar gonaki. Irin wannan labari yana buƙatar a tambayi wanda ya biya da wanda ya amfana, tambayar da fashewar bango ba ta amsawa.

Ja na uku ya fi ƙarfi: masana'antar Kannywood ba ta da kuɗin Hollywood. Amma tarihin Earthquake kansa ya rage wa wannan uzuri nauyi. Tsarin Sensurround mai tsada bai daɗe ba. Bayan finafinai kaɗan, irin su Midway na 1976 da Rollercoaster na 1977, aka yi watsi da shi, kuma wanda ya kalli fim ɗin a talabijin ba ya jin girgizar ko kaɗan. Abin da ya wanzu shi ne aikin hannu da lura. Ruwa kuwa shi ne ya fi wahalar da masu ƙananan gine-gine, domin ɗigonsa ba ya ƙanƙancewa tare da su, yana tona asirin dabarar. Abin da Hollywood ta sha wahalar kwaikwaya yana nan a Yauri da Shanga da Ngaski ba da ko sisi ba: faɗin tafki, da jiragen kasuwa maƙare da kaya, da tseren bikin Rigata, da ƙarar igiyar ruwa a jikin katako. Mai zane ɗaya da ya zauna da dattawa zai iya maido da gungun da ya nutse a kan allo, kamar yadda Whitlock ya rusa birnin da ke tsaye.

Saboda haka aikin da ke gaban masu fim da sassan nazarin Hausa a jami'o'i yana da gaggawa. Wanda ya yi wayo a gungayen kafin 1968 ya tasam ma shekara 70 ko ya haura. Su ne suka san inda kasuwa take, da inda ake shuka albasa, da hanyar da jirgi ke bi tsakanin duwatsu. Kowane zane da kowane sauti na fim ɗin da ya kamata a yi daga bakinsu zai fito, don haka ɗaukar muryoyinsu shi ne matakin farko, kuma ba ya jiran kasafin kuɗi.