Wuƙar farauta ta maƙera: yadda ake gane mai ƙarko a Sokodé da Dapaong

Da zarar an gama girbi, hunturu ya sauko, ciyawa ta bushe a arewacin Togo, sai mafarauta su fara zarya wajen maƙera neman wuƙar fiɗa. Wuƙaƙe biyu suna iya zama kamanninsu ɗaya a kan tabarmar mai sayarwa, amma ɗaya ta yi shekaru ana aiki da ita, ɗayar kuwa ta karye a gaɓar gada ta farko. Bambancin yana cikin abubuwa uku da ido ba ya saurin gani: irin ƙarfen, yadda aka ba shi wuta, da yadda ya shiga cikin ƙota. Wanda ya san waɗannan ba zai ƙara sayen wuƙa don ƙyallinta ba.

Yankin da ya san ƙarfe

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Kimanin kilomita 60 arewa maso yammacin Sokodé akwai ƙasar Bassar, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana narka tama, musamman a Bandjéli, kuma har yau ana ganin ragowar murhunan. Masanin tarihin ƙasa ɗan Amurka Philip de Barros ya daɗe yana bincike a wurin, ya nuna cewa Bassar na cikin manyan cibiyoyin ƙarfe na Afirka ta Yamma. Ayarin fataken Hausa masu zuwa Gwanja neman goro suna ratsa ƙasar Kotokoli da Sansanné-Mango, kuma wannan fatauci na cikin abin da ya kafa zangon Hausawa a garuruwan hanya. Narka tama ya tsaya a ƙarni na 20, bayan ƙarafan Turai sun cika kasuwa. Yau maƙerin Sokodé ko na Dapaong da tsofaffin ƙarafan mota yake aiki.

A Sokodé wuƙa har biki gare ta, wato Adossa, wanda ake yi lokacin Maulidi, inda maza ke goga kaifi a jikinsu kamar 'yan tauri a ƙasar Hausa. Sai dai mai saye ya bambance wuƙar ado, mai zane da kube mai tuntu, da wuƙar aiki. Wannan bayani a kan ta aiki yake.

Wace dabba, wane aiki

Namun dajin da aka sani a yankin sun haɗa da gada, mazo, mariya, da gyazbi, wanda a Togo ake kira agouti. Aikin wuƙa a kansu iri huɗu ne: yanka, fiɗa, farke ciki, da raba gaɓɓai. Ga dabba mai girman gada ko mazo, ruwan wuƙa mai tsawon santimita 10 zuwa 13 ya wadatar, kaurin bayansa kuma milimita 3 zuwa 4. Doguwar wuƙa tana burge ido, amma cikin ƙirjin dabba hannu ba ya iya sarrafa ta.

A duba siffar bakin. Wuƙar fiɗa tana son ciki, wato bakinta ya lanƙwasa zuwa tsini, domin da wannan lanƙwasa ake raba fata da nama ba tare da an huda fatar ba. Tsinin kuma ya ɗan sunkuyo daga layin baya. Tsini mai kama da na mashi yakan huda tumbi ko hanji, ƙazanta ta zube a kan nama. Wuƙa mai baki biyu ba ta dace da fiɗa ba, don babu inda za a ɗora yatsa. Sara ƙashi kuwa aikin adda ne ko gatari. Babu wuƙar fiɗar da za ta jure shi.

Irin ƙarfen

Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne sinadarin kabon da ke cikinsa. Tambaya ta farko ga maƙeri ita ce: "Da wane ƙarfe ka ƙera ta?"

Sifirin ɗin mota, wanda makanikai a Togo ke kira lame de ressort, shi ne zaɓin da ya fi dacewa. Yawanci yana da kabon kusan kashi 0.6 cikin 100, yana ɗaukar kaifi, kuma yana jure lanƙwasa. Aibinsa ɗaya: sifirin da ya sha hanya yana iya ɗauke da tsaga siririya kamar gashi, don haka a ɗaga wuƙar a hasken rana a duba ta gefe biyu.

Tsohon magagari yana da kabon da ya kai kashi 1 cikin 100 ko fiye. Wuƙarsa tana da kaifi kamar aska, tana daɗewa ba ta dakushe ba, amma in ba a sassauta taurinta da kyau ba tana karyewa kamar kwalba.

Rodin gini da ƙarfen ganga su ne abin gudu. Suna da sauƙin ƙira, suna yin kyau idan an goge su, amma ba sa riƙe kaifi. Kafin a gama fiɗar dabba ɗaya an koma dutse sau uku.

Ƙarfen da ba ya tsatsa, wato inox, yana da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Ba shi wuta yadda ya kamata yana buƙatar murhu mai ma'aunin zafi, abin da zuga-zugi da gawayi ba sa bayarwa. Wuƙar maƙera ta baƙin ƙarfe tana tsatsa idan an yi sakaci, amma ta fi sauƙin wasawa a daji.

Wuta: inda ƙarko yake

Bayan an gama siffanta wuƙa a kan uwar maƙera, saura matakai biyu. Na farko, a mayar da ita cikin garwashi, galibi na gawayin ƙirya, har ta yi ja, zafinta ya kai kusan digiri 800 zuwa 850, sannan a tsoma ta cikin mai nan take. Akwai hanyar gane lokacin: idan ƙarfe ya kai wajen digiri 770, maganaɗisu ba ya kama shi. Ruwa ya fi mai saurin sanyaya ƙarfe, shi ya sa ƙarfen sifirin da aka tsoma a ruwa yakan tsage.

Mataki na biyu shi ne wanda mai gaggawa ke tsallakewa. Wuƙar da ta fito daga mai ta yi tauri fiye da kima. Sai an goge ta an sake ɗumama ta a hankali, wajen digiri 200, har bakinta ya ɗauki launin busasshen kara. Idan bakin ya wuce zuwa shuɗi, zafi ya yi yawa, kaifin ya yi laushi. Haka ma wuƙar da aka matsa wa injin wasa ƙarfe har bakinta ya yi shuɗi: an ƙona taurin da aka ba ta.

Ƙota da kube

Yawancin wuƙaƙe ba a ruwa suke mutuwa ba, a wuya suke karyewa, inda ƙarfe ya shiga ƙota. Mafi ƙarko ita ce wadda ƙarfenta ya zarce har ƙarshen ƙota, aka rufe shi da itace gefe biyu, aka ɗaure da ƙusoshi biyu ko uku na tagulla. Idan siririyar wutsiya ce aka cusa cikin itace, a nemi wadda wutsiyar ta fito ta ƙarshen ƙota aka dakata ta. A kuma duba kafaɗar da ruwa ya haɗu da wutsiya: in kusurwa ce mai kaifi, nan tsaga ke farawa, in ta zagaya, ta fi jurewa.

Itacen ƙota ya zama mai tauri kuma busasshe, kamar ƙirya ko marke. Ɗanyen itace yana tsukewa da iskar hunturu, musamman a Dapaong inda rani ya fi tsawo, sai ƙusoshi su saki. Kada a bar rami tsakanin itace da ƙarfe, domin jini da kitse suna maƙalewa a ciki su ruɓe. Ƙotar ta kasance tana da ɗan tudu ko makari a gaba, saboda hannu mai jini yana zamewa zuwa kaifi.

Kube aikin baduku ne. A nemi fata mai kauri, da wani zirin fata tsakanin ɗinki da bakin wuƙa, don kada kaifi ya yanke zaren. A kifa kuben a girgiza: wuƙar da ta faɗo za ta faɗo a daji ma.

Gwaji a gaban maƙeri

Da izinin mai kaya, a yi waɗannan. A goga magagari a bakin wuƙar: in ya zame bai ci sosai ba, ƙarfen ya taurara, in ya nutse kamar a rodi, a ajiye ta. A yanki busasshen itace mai tauri sau goma, a duba bakin: kada ya ɓantare, kada ya naɗe. Ɓantarewa alamar tauri ya yi yawa ce, naɗewa alamar laushi. A riƙe ƙota a murɗa: kada a ji motsi ko kaɗan. A ƙarshe a hango bayan wuƙar daga ƙota zuwa tsini, a tabbatar miƙaƙƙiya ce. Saye hannun maƙerin da ya ƙera ta ya fi saye a tebur, domin akwai inda za a mayar da ita idan ƙota ta saki.

Kula da ita

A wanke sabuwar wuƙa da sabulu sosai kafin ta taɓa nama, don maƙera da yawa cikin baƙin man inji suke tsoma ta. Bayan kowane aiki a wanke, a busar, a shafa man kaɗanya kaɗan. Kada a bar ta cikin kuben fata duk damina, fata tana riƙe laima. A wasa ta a kan dutse da ruwa, kusurwa kamar digiri 20 kowane gefe, kuma a yi haka tun a gida: koyarwar Musulunci ita ce a kaifafa wuƙa don a hutar da dabba, kuma kada a wasa ta a gabanta. Dabbar da aka tsinta matacciya kuwa ba a fiɗe ta, don cututtuka na ratsawa ta ɗan yanka a yatsa.

Doka kafin daji

Mallakar wuƙa ba izinin farauta ba ne. Dokar gandun daji ta Togo ta shekarar 2008 ita ke tsara farauta, kuma sai da takardar izini. An haramta ta a wuraren da aka keɓe, kamar gandun Fazao-Malfakassa da ke yammacin Sokodé, wanda aka kafa a 1975, da Oti-Kéran, da Fosse aux Lions kusa da Dapaong. Kafin fita, a tambayi ma'aikatan gandun daji lokacin da aka buɗe da dabbobin da aka hana taɓawa. A yankin Savanes kuma an kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro a watan Yunin 2022, saboda hare-hare a kan iyakar Burkina Faso. Mai tafiya da wuƙa a wannan hanya ya bar ta cikin kube, cikin jaka, ya kuma faɗa wa jami'an tsaro da bakinsa tun kafin su buɗe kayansa.

Namun daji sun ragu ƙwarai a yankin, kuma mafi yawan wuƙaƙen da ake kira na farauta a kan akuya da ragon layya suke ƙare aikinsu. Ma'aunin duk ɗaya ne. Wuƙar da ta fiɗe rago daga wuya zuwa wutsiya ba a koma dutse ba, ta ci kuɗinta.