Daga Karofin Kura Zuwa Dabinon Jado: Tarihin Rini Da Abin Da Ya Rage Mana

A ƴan shekarun nan rinin hannu ya dawo yayi. Ƴan mata da samari suna kallon bidiyo a waya, su sayi farin yadi da garin kala, su ɗaure da zare su tsoma a bokiti, su fito da riga mai zane-zane. Da yawa daga cikinsu sun ɗauka sabuwar fasaha ce ta ƙasashen waje. Alhali rini yana cikin tsofaffin sana'o'in da suka haɗa wannan sahara tamu da ƙasar Hausa, kuma ya kamata malamai da iyaye su san tarihinsa kafin su koya wa yara.

Jado da sauran garuruwan Kawar, irin su Bilma da Dirku, ƙasa ce ta dabino da gishiri da kanwa. Ba a noma auduga ko baba a nan, hatsi ma daga nesa yake zuwa. To ina kakanninmu suka samo baƙin rawani mai sheƙi da zanen shuni? Amsar tana kan raƙuma. Kowace kaka ayarin Abzinawa yakan taso daga duwatsun Abzin, ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma ɗauke da gero da tufafi, ya koma da kantun gishiri da dabino. Daga nan ya gangara kudu ta Damargu da Damagaram har Kano, a sayar da gishiri, a sayi hatsi da rinannun tufafi. Kowane ɓangare yana ba da abin da ɗayan ba shi da shi.

A can kudu, cibiyar rini ita ce Kano da garuruwan kewayenta. Ana danganta kafuwar marinar Ƙofar Mata da shekarar 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Garin Kura kuwa ya shahara da turkuɗi, har ake cewa rawani ɗan Kura. Ana saƙa shi da siraran ƙyalle, a ɗinke su gefe da gefe, a tsoma a karofi sau da yawa har ya yi baƙi ƙirin, sannan mabuga su buga shi da garin shuni har ya ɗauki ƙyalli. Shunin yakan zuba a fatar mai sanye da shi, dalilin da ya sa Turawa suka riƙa kiran Abzinawa shuɗɗan mutane. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ziyarci Agadas a 1850, ya bi ayarin gishiri zuwa kudu, ya shiga Kano a 1851. Ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus.

Yadda karofi yake aiki darasi ne na kimiyya cikakke. Ana yanko ganyen baba, a kirɓa, a dunƙula a shanya. Marini ya zuba shi cikin ruwan toka a rami, ya riƙa motsawa da muciya kwana da kwanaki har ya ruɓa ya yi kumfa. Shuni a kan kansa ba ya narkewa a ruwa. Ruɓawar nan cikin ruwan toka ce take sauya shi ya narke ya shiga zare. Shi ya sa idan aka ciro zane daga karofi sai a gan shi kore-kore, iska na bugunsa sai ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Ko dagwalon da ya kwanta a gindin rami, wato katsi, ba a zubar da shi. Ana ƙona shi a haɗa laso, sumuntin gargajiya da ake shafe sabon karofi da shi. Masanin tarihi Philip Shea, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ya nuna cewa wannan laso ya ba marina damar haƙa manyan ramuka a maimakon tukwane, sana'ar ta bunƙasa a ƙarni na 19.

Faɗuwar ta zo ta hanyoyi da dama. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, mai arha da saurin kamawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ciniki ya juya fuska zuwa teku, yadin Turai ya cika kasuwa. A nan arewa, yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar Faransawa sun karya Abzin, raƙuma da yawa suka salwanta. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara rage ayari, motoci suka karɓi dako, daga baya atamfar Sin ta zo ta rufe sauran. Yau ramuka da yawa a Ƙofar Mata sun bushe, ko da yake rawanin shuni na asali har yanzu yana da daraja da tsada wajen biki da naɗin sarauta.

Mene ne ruwan makaranta da wannan? Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, mun ga yadda yara maza suke barin aji da zaton arziki yana cikin rami. Hukuma ta rufe wurin a 2017, amma tunanin bai fita daga zukata ba. Sana'ar hannu ba za ta yi gasa da zinariya wajen kuɗi ba, sai dai tana koya wa yaro cewa da ilimi da haƙuri ake mayar da ganye da toka su zama dukiya. Da bokiti ɗaya da mita biyu na farin yadi, malami zai koyar da tarihi da taswirar hanyar ayari, da kimiyyar iska da toka, da lissafin jari da riba.

Ga iyaye kuma akwai gargaɗi. Rinin zamani ana haɗa shi da soda mai ƙuna da wani farin gari mai warin gaske. Suna ƙona fata, suna cutar da ido da ƙirji. Kada yaro ya taɓa su ba safar hannu, ba babba a kusa, kuma kada a zubar da ruwan kusa da rijiya ko gindin dabino, domin ruwanmu ba shi da nisa a ƙasa. Don gwajin aji, ɓawon albasa da lalle da zoɓo sun isa a nuna yadda launi yake kama yadi.

A nemi dattawan da suka bi ayari ko suka sayi ɗan Kura da dabino, a gayyato su aji. Yara su tambaye su farashi da zango da sunayen tufafi, su rubuta a littafi, makaranta ta adana.