Wasiƙa da Shaidarta a Daura: Daga Hatimin Sarki zuwa Imel

A ƙarni na 19, da Larabci ake rubuta wasiƙar sarauta a ƙasar Daura. Malam Ishaku ya karɓi garin a 1805, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, zuriyarsa ta ci gaba da sarauta a Zango da Baure. Daura kuwa ta shiga tsarin daular Sakkwato, inda umarni a rubuce yake tafiya. Magatakarda kan rubuta da alƙalamin kara da tawada, a kan takardar da fatake ke kawowa ta Sahara daga Tarabulus. Ana farawa da bisimilla, a ambaci mai aikowa da wanda aka aika wa, a yi gaisuwa, sannan a shiga magana. Ba kasafai ake sa kwanan wata ba.

Abin da ke ba wasiƙar ƙarfi shi ne hatimi da manzo. Kowa na iya ɗaukar alƙalami, amma hatimin da ke ɗauke da sunan sarki a fada kaɗai yake. Manzo kuma sananne ne, sau da yawa ma sauran bayanin a bakinsa yake. Irin waɗannan wasiƙu ne Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, H. F. Backwell ya fitar da fassararsu a 1927.

A 1904 Turawa suka mayar da sarautar Daura ga Malam Musa na tsohon gidan Sarkin Gwari Abdu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, boko ya shiga ofisoshin En'e, gidan waya ya samu gindin zama. Shaida ta koma kan takarda mai tambari da lambar akwatin gidan waya. Wanda bai iya rubutu ba yakan biya mai rubuta wasiƙa. A 1985 aka raba ma'aikatar gidan waya da tarho gida biyu, NIPOST da NITEL.

Imel ya girmi zuwansa Nijeriya da shekaru masu yawa, don tun 1971 Ray Tomlinson ya sa alamar @ tsakanin sunan mutum da na kwamfuta. Nijeriya ta samu laƙabinta na .ng a 1995, aka kafa NiRA a 2005 don kula da shi. Ma'aikatun gwamnati aka keɓe wa .gov.ng, manyan makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura kuma .edu.ng.

Wanda ke son adireshi da sunan kamfaninsa sai ya yi rajistar sunan a wajen dillali mai lasisi, ya biya kuɗin shekara. Daga nan ya zaɓi kamfanin da zai riƙe masa akwatunan saƙo, ya shigar da bayanin da ake kira MX, wanda ke nuna wa duniya inda za a kai masa wasiƙa. Wani bayanin mai suna SPF na lissafa kwamfutocin da aka yarje wa aikawa da sunansa. DKIM kuwa sa hannu ne na lissafi da ake maƙala wa kowane saƙo, aikinsa aikin hatimi ne sak. In babu SPF da DKIM, saƙo na gaskiya kan faɗa cikin tarkace, ɗan damfara kuma ya samu sauƙin aron suna.

Duk da haka, 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa har yau da Gmail ko Yahoo suke aiki, tun zuwan wayar salula a 2001 kuma yawancin saƙo ya koma kanta, yanzu ga WhatsApp. Araha ce ta jawo haka, sai dai akwai asara: ranar da ma'aikaci ya bar aiki, da akwatin yake tafiya, da duk wasiƙun ofis a ciki. Masu sunan kansu ma suna da nasu sakacin. In shekara ta zagayo ba a sabunta rajista ba, saƙonni sukan daina shigowa, bayan ɗan wa'adi kuma wani na iya sayen sunan.