Daga Hannun Magini Zuwa Takardar Lasin: Tarihin Gini a Salaga, Yendi da Bawku

A zamanin dā, idan ayarin fatake ya tashi daga Kano zuwa Gwanja, yakan yi watanni a hanya kafin ya sauka a Salaga. Goro suke nema, amma ba kayan ciniki kaɗai suke ɗauke da shi ba. Sun zo da harshensu, da tufafinsu, da irin tsarin gidansu: zaure a ƙofa domin baƙi, sa'an nan cikin gida inda iyali suke. A Salaga, da Yendi babban birnin Dagwamba, da Bawku ta ƙasar Kusasawa, zango ya kafu kusa da gidajen 'yan ƙasa. Su kuwa 'yan ƙasa suna da tasu gwanintar. Sukan gina ɗakuna masu kewaye da jinkar ciyawa, su haɗa su da katanga. A wajajen Bawku mata ne suke yaɓe, suna shafa ruwan ɓawon ɗorawa domin kada ruwan sama ya ci bangon. Magina a ƙasar Hausa ma sun san wannan dabara, makuba suke ce da ita.

A wancan lokaci babu mai tambayar magini takarda. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, ya koyi yin tubali, ya koyi jera azara, har ranar da za a bar masa bango shi kaɗai. A biranen Hausa akwai Sarkin Magina mai lura da masu sana'ar. Mafi suna a cikinsu shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Shaidar magini ita ce gininsa. In ya ci damina ashirin yana tsaye, an san mai shi gwani ne. In ya faɗi, duk gari ya san wanda ya gina.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya zo da rushewa. A 1892 yaƙin basasa ya ci Salaga, kasuwa ta watse, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da bakin teku. A 1896 Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo, suka shiga Yendi. Turawan mulki kuwa sun zo da wata hanyar gini dabam. A wurinsu mutum ɗaya ne yake zana gini a takarda, da awo da lissafi, wasu kuma su gina abin da ya zana. Nan ne aikin kai ya rabu da aikin hannu.

A kudancin ƙasar, 'yan mishan na Basel sun riga sun buɗe wurin koyon sana'a a Osu, kusa da Akara, inda suka horar da kafintoci da maƙera da sauran masu aikin hannu. Arewa ba ta sami wannan gata da wuri ba. Mishan ɗin ya buɗe tasha a Yendi a 1913, amma yaƙin duniya na farko ya sa aka rufe ta bayan 'yan shekaru kaɗan. A 1922, zamanin Gwamna Guggisberg, gwamnati ta buɗe ƙaramar makarantar sana'a a Yendi, daga baya aka mai da ita Tamale. Yaran da suka shiga sun koyi aikin birkila da na kafinta, wato an koya musu bin zanen da wani ya yi. Hanyar zama mai zanen kuwa sai ta sakandare, ga shi duk Arewa ba ta da sakandare sai a 1951, sa'ad da aka buɗe ta Tamale.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ɗan ƙasa na farko da ya yi cikakken karatun zanen gine-gine ya fito daga kudu. Sunansa Theodore Clerk, an haife shi a 1909, ɗan wani fasto ne na mishan ɗin Basel. Ya yi karatu a Edinbara ta ƙasar Sikotlan, ya komo gida, ya zama jagoran masu tsara sabon birnin Tema. Sa'ad da masu wannan sana'a suka kafa ƙungiyarsu ta Gana a 1962, shi ne shugabanta na farko. Ya rasu a 1965.

Kafin nan an riga an kawo karatun gida. A 1958 kwalejin fasaha ta Kumasi ta karɓi ɗalibanta na farko a fannin zanen gine-gine, a 1961 kuma kwalejin ta zama jami'a, wadda yau take ɗauke da sunan Kwame Nkrumah. Cikin malamanta akwai John Owusu Addo, wanda ya sa hannu a manyan gine-ginen jami'ar kanta. Akwai kuma wata Ba'amurkiya, Labelle Prussin, wadda ta je ƙauyukan Arewa, ta auna gidajen ƙasa na Dagwamba da Kwankwamba da Gwanja da wasunsu, ta fitar da littafi a kansu a 1969. Ta haka aikin maginan da ba su taɓa riƙe fensir ba ya shiga ajin jami'a a matsayin ilimi.

A wannan shekara ta 1969 gwamnati ta yi dokar da ta kafa majalisar rajistar masu zanen gine-gine. Tun daga nan ba kowa yake da ikon kiran kansa da wannan suna ba. Hanyar tana da tsawo. Ɗalibi yakan gama sakandare da sakamako mai kyau, musamman a lissafi. Ya yi shekara huɗu a digiri na farko, ya ƙara biyu. Sa'an nan ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki a ƙarƙashin wanda ya riga ya sami rajista. Bayan haka ya zauna jarrabawar ƙwararru. Sai ya ci ne za a rubuta sunansa a littafin rajista, ya sami hatimin da zai buga a kan zanensa.

Wani zai ce wannan wahala ta yi yawa. Amma ɗakin ƙasa mai jinka ba ɗaya yake da bene mai hawa biyar ba. A Nuwamba 2012 wani babban kanti mai benaye ya rushe a Achimota, cikin Akara, mutane fiye da goma suka mutu. Hatimin nan alkawari ne cewa akwai wanda ya yi lissafi, wanda kuma doka za ta nema idan gini ya kashe mutane. Majami'a ko asibiti, irin asibitin Firesbiteriyan na Bawku, wuri ne da ɗaruruwan mutane suke shiga kowace rana, su sa ransu a hannun wanda ba su taɓa gani ba.

Duk da haka takarda ba ta maye gurbin sanin ƙasa ba. Tsohon masallacin Larabanga, a ƙasar Gwanja, ya nuna wannan. A shekarun 1970 aka yaɓe shi da siminti da nufin a kāre shi. Simintin ya hana bango numfashi, laima ta taru a ciki, gara ta ci itatuwa. A 2002 da 2003 sai da masana suka haɗa kai da maginan garin, aka kankare simintin, aka koma ga yaɓen ƙasa. A Navrongo kuma babbar majami'ar Katolika da aka gina da tubalin ƙasa a 1920 tana nan tsaye, da adon da matan Sirigu suka yi mata a ciki.

Yawancin masu rajista a Akara da Kumasi suke zaune, gama can ne manyan ayyuka suke. A Salaga da Yendi da Bawku kuwa bulo da kwano suna ta korar ƙasa da ciyawa, har ɗaki ya zama kamar tanderu a watan Maris, galibi ba tare da wani masani ya duba zanen ba. Yaron da ya tashi a waɗannan garuruwa ya san inda iskar hunturu take fitowa, ya san abin da ya sa zaure yake da sanyi da tsakar rana. Abin da ya rage masa shi ne shekarun nan takwas, da iyaye da jama'ar da za su tsaya masa har ya gama. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya je Kumasi ya komo da hatimi, ya kuma zauna a gaban tsofaffin magina ya saurara, shi ne zai gina wa mutanensa abin da zai ci damina da yawa yana tsaye.