Daga Kunun Kanwa zuwa Teɓa: Yadda Ciwon Zuciya Ya Sauya Kama a Zariya

A shekarar 1969 Eldryd Parry ya zama farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Ciwon zuciyar da ya tarar a asibitocin Zariya ya bambanta da wanda ya sani a Birtaniya. Toshewar jijiyoyin zuciya, wadda ke kashe Turawa da yawa, da kyar ake ganinta. Masu jego ne ke cika gadaje, ƙafafu a kumbure, numfashi yana sarƙewa.

A 1978 Parry da Neil Davidson suka wallafa bincike kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Sun danganta abin da al'adun jego: wankan ruwan zafi, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa mai gishiri da yawa. Da aka ci gaba da bibiyar matan, sai aka ga hawan jini ya kama da yawa daga cikinsu.

A daidai wannan zamani rayuwar gari tana canzawa. Sabon Gari, wanda ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, ya tara 'yan kasuwa da ma'aikatan albashi. Samaru ta cika da malamai da akawuna. Kujera ta maye gurbin gona, babur da mota suka rage tafiyar ƙasa, farar shinkafa, burodi da lemon kwalba suka shiga cimar yau da kullum. Teɓa kuwa, alamar wadata aka ɗauke ta.

Likitanci ya ba wannan yanayi suna a 1988, lokacin da Gerald Reaven na Jami'ar Stanford a Amurka ya nuna cewa idan jiki ya daina jin sinadarin insulin yadda ya kamata, matsaloli kan zo a tare. A 2009 manyan ƙungiyoyin likitoci suka daidaita kan alamomi biyar: faɗin ƙugu, wanda ma'aunin da ake amfani da shi ga 'yan Afirka ya sa a santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, awon jini daga 130/85, sugan jini daga 100 kafin karin kumallo, yawan kitse a jini, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Wanda ya haɗa uku yana da wannan larura, kuma haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a kansa ya kusan ninka na sauran mutane sau biyu.

Sai dai tarihin Zariya yana ɗauke da gargaɗi. Baƙaƙen fata sukan nuna ƙarancin kitse a jini ko da insulin ya daina aiki sosai, don haka sakamakon gwaji mai kyau na iya yaudarar mutum. Abin da ya fi kai mutane kwance a nan shi ne hawan jini, wanda ke gajiyar da zuciya da ƙoda, ya kuma jawo shanyewar jiki.

Asibitin koyarwa ya koma Shika a 2005, marasa lafiyarsa ma sun sauya. Gishirin da ya cutar da masu jego a kunu yana nan a dunƙulen miya da yajin tsire. Ma'aikacin da ya haura shekara 40 a Samaru ko Sabon Gari, tef ɗin tela da na'urar awon jini sun isa su fara faɗa masa inda ya dosa.